Baƙin Wuya

Matar da ke teburin bincike ta sa ɗan yatsa ɗaya a wuyan rigar Auta, ta ɗaga shi kaɗan, ta ce, "Wannan ba za ta shiga fili ba."

Tela yana tsaye bayan igiyar da aka ja wa iyaye. Ya ɗauka yarinyar ake nufi. Har ya buɗe baki zai ce an auna ta da safe nauyinta ya yi daidai, an yanke mata farce har sai da ta yi ƙorafi. Sai ya lura idon matar ba a kan Auta yake ba, a kan ɗinkinsa yake.

"Malama, me ya samu rigar?"

"Kai ne kocinta?"

"Ni ne ubanta. Ni na ɗinka."

"To, shi ya sa," in ji ta, ta miƙa hannu ga ta bayan Auta a layi.

Shekararsa ashirin da biyu a kan keken ɗinki. An ce masa ya makara, an ce ya rage yadi, an taɓa ce masa hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kuma da aka gwada gaskiya ne. Amma ba a taɓa yi wa aikinsa "shi ya sa" ba.

Koci ta ratso cikin mutane da sauri. Siririyar mace ce mai ƙaramar murya, ita ke koya wa su Auta tekwando shekara uku ke nan. Ta kalli rigar, ta rufe ido na ɗan lokaci.

"Baban Auta, wa ya ce ka sa baƙi?"

Ya ciro waya ya nuna mata hoton da ya kwaikwaya: wani ɗan Koriya a sama, ƙafa ɗaya ta wuce kansa, farar riga, baƙin wuya mai sheƙi.

"Wannan ai babban ɗan wasa ne," ta ce. "Baƙin wuya na masu baƙar ɗamara ne, su ma sai sun cika sha biyar. Auta jar ɗamara gare ta, shekararta sha biyu. Nata wuyan fari ne ƙal."

"Ado ne fa kawai."

"A shagonka ado ne. A nan muƙami ne. Kamar ka ɗinka mata kakin soja ne ka jera mata taurari a kafaɗa."

Wata guda da ya wuce Koci ta aiko da saƙo cewa tsohuwar rigar Auta ta ɗage, hannun bai kai wuyan hannu ba, a sayi sabuwa kafin gasar yara. Tela ya ji abin kamar zagi. A ce gidan tela a sayi riga? Ya samo farin yadi mai kauri, ya ture aikin mutane gefe, ya yi kwana huɗu a kanta. Bai nuna wa kowa ba, don yana so yarinyar ta gani ta yi tsalle. Da safen nan da ya miƙa mata, ba ta yi tsallen ba. Ta ce, "Baba, wuyan..." shi kuma ya ce, "Ke dai sa. Ni za ki koya wa ɗinki?" Ta sa, ta ɗora jaket a kai ta ja zif har haɓa. Shi ya ɗauka sanyi take ji.

Yanzu tana tsaye gefe, hular kwanonta a hannu, tana kallon ƙasa.

Ya sake matsawa jikin igiya. "Malama, don Allah. Ƙafa ce ke yin faɗan nan ko wuyan riga?"

Matar ta buɗe wani ƙaramin littafi, ta juyo masa da shi ba tare da ta kalle shi ba. Ya ga layuka da lambobi da zanen riga kala uku.

"Wuya ne fa kawai," ya ce.

"In wuya ne kawai, ai ba wuya. A canza." Ta rufe littafin. "Wasanta na talatin da ɗaya ne. Ana na ashirin da biyar. Kira uku ake yi. In aka yi na uku ba ta zo nan ba, an ba abokiyar karawarta."

Koci ta ce a ɗauko tsohuwar rigar, za ta roƙi arziki a kan hannun. Tela ya yi tari. Tsohuwar rigar tana shago, ɓangare-ɓangare, don farke ta ya yi ya ɗauki awo. Koci ta dube shi irin duban da shi yake yi wa mai kawo yadi kamu biyu yana son riga da wando. Ta tafi neman aro. Wadda ta samo ta wata babbar ɗaliba ce. Da Auta ta zura, hannun ya wuce yatsunta da kusan taƙi guda. Matar teburin ta girgiza kai tun daga nesa.

"Na ashirin da shida, a shirya," in ji lasifika.

Tela ya shafa aljihun ƙirjinsa. Allura tana nan a soke inda take kullum, da ɗan farin zare a naɗe a guntun kwali.

"Cire rigar," ya ce wa Auta.

Suka sami wuri a kan matakala, bayan kujerun 'yan kallo, inda ake jibge jakunkuna. Auta ta dawo daga ɗakin canza kaya cikin jaket, ta miƙa masa rigar. Ya ari reza wurin ma'aikaciyar jinya, ya ɗora rigar a gwiwa, ya soma farke wuyan.

A nan ya gamu da kansa. Ɗinkin da yake yi wa mutane, wani lokaci wanki uku ke kwance shi ba da taimakon kowa ba. Wannan kuwa, da yake na 'yarsa ne, layi biyu ya bi, ya ƙulle kowane ƙarshe sau uku. Duk rayuwarsa sau ɗaya ya yi aiki tsakani da Allah, shi ne yau yake zaune yana yaƙi da shi da reza.

"A'a, Tela? Reshe ka buɗe a nan?"

Direba ne, wanda ɗansa ke horo tare da su Auta. Mutum ne mai tumbi da fara'a, kuma wandonsa ya yi mako biyar a shagon Tela yana jiran a rage masa ƙafa.

"Riƙe min nan," in ji Tela. "Ja sosai."

Direba ya zauna da nishi ya kama gefen rigar. "Ni dai an ce min keke ne ya lalace."

"Ja, malam."

Daga fili alƙalin wasa ya daka tsawa da kalmar da suke buɗe faɗa da ita, wadda Auta ta ce ma'anarta a fara: "Shijak!" Shekara uku Tela yana jin yarinyar tana faɗar ta a tsakar gida bai taɓa kula ba. Yau kam sarai kunnensa ya ji "shi jaki", kuma bai ga wurin musu ba.

Baƙin ya fita a wasa na ashirin da bakwai. Ya jefa shi kan matakala. Sai a lokacin ya tuna ba shi da farin da zai maye gurbinsa. Ya duba jakar Auta: tawul shuɗi, robar haƙori, gorar ruwa. Ya dubi Direba, rigarsa mai ratsi ce. Ya dubi kansa. Doguwar farar rigar da uwar yara ta goge masa da safe, ta ce yau dai ya fita kamar uban 'yar wasa.

"Auta, karɓo min almakashi wurin mai jinya."

Ya miƙe, ya juya wa Direba baya. "Yanke min daga ƙasa. Faɗin yatsa huɗu, daga wannan gefe zuwa wancan. Miƙe."

"Ni mota na iya miƙarwa."

"To ɗauka titi ne."

Direba ya yanka kamar mai kauce wa ramuka. Tela ya karɓi ƙyallen, ya daidaita shi da ido, ya ninke, ya danne ninkin da farcen babban yatsa, ya zura zare. Ba alli, ba abin awo, ba dutsen guga. Auta ta durƙusa gabansa tana riƙe da ɗaya gefen wuyan don kada ya zame.

Koci ta leƙo. "Auta, zo ki ɗumama jiki. Sauran duk sun yi gumi."

"In ta saki zai karkace," in ji Tela, bai ɗaga kai ba. "Minti biyar."

Ya ji abin da ya faɗa. Minti biyar ɗinsa sananne ne a unguwa. Akwai wanda ya yi aure ya haihu a cikinsa. Koci ba ta sani ba, ta koma.

Wasa na ashirin da takwas ya tafi yadda ya kamata. Na ashirin da tara bai yi minti guda ba, wata yarinya ta fashe da kuka aka ɗaga hannun ɗayar. Tela ya ji haushin yarinyar da bai taɓa gani ba. Yaran yanzu ba juriya.

"Na talatin da ɗaya, kira na farko."

Allura tana shiga tana fita. Rabon da ya yi ɗinkin hannu mai tsawo haka tun yana koyo, lokacin da maigidansa ke cewa ba zai taɓa keke ba sai yatsunsa sun yi kanta. Ashe yatsun ba su manta ba, idon ne ya tsufa. Ya kai kusurwar ƙirji, inda gefe biyu ke haɗuwa, allura ta shige masa ɗan yatsa. Ya yi maza ya sa a baki kafin jini ya ɗiga. Wa ya sani, wataƙila ja ma muƙamin wani ne.

"Ashe kana iya sauri," in ji Direba a hankali, kamar wanda ya gano matarsa tana jin wani yare.

"Kira na biyu."

"Baba," in ji Auta. Wannan ce maganarta ta farko tun daga teburin.

"Na sani."

Saura kamar tsawon yatsa. Ya faɗaɗa takun allura, abin da yake yi wa yaran shago faɗa a kai. Ya ƙulle, ya ciza zaren ya tsinke. Auta ta fizgi rigar ta ruga. Shi ya bi ta a baya, iska tana shiga masa ta inda rigarsa ta ƙare ba shiri.

Ana fara kira na uku ta iso teburin tana ɗaure ɗamara. Tela ya tsaya jikin igiya yana jiran a duba aikin, a juya shi, a ga yadda kusurwar ta zauna ba tare da guga ba. Matar ta ɗaga ido rabin daƙiƙa.

"Wuce."

Koci ta zura wa Auta sulken ƙirji ta ɗaure igiyoyinsa ta baya, ta kifa mata hular kwano ta ja maɗaurin haɓa. Tela ya leƙa ta hagu, ya leƙa ta dama. Abin da ya rage a waje na wuyan bai kai faɗin yatsa biyu ba.

"Koci, dama rufe shi za a yi?"

"Eh."

"To, in dai rufe shi za a yi..."

"Baban Auta, je ka zauna."

Ya zauna. Zagaye uku ne, kowanne minti ɗaya. Bai san yadda ake ƙirga maki ba, ya dai ga lambobi suna canzawa a allo. A zagayen farko ƙafar Auta ta yi nauyi, kamar ba tata ba. Ɗaya yarinyar, wadda ta shigo da gumi a goshi, ta yi ta samun ta a ƙirji. Shida da ɗaya. A na biyu jikin ya fara saki. A na uku ya ga abin da bai taɓa tsayawa ya kalla ba a tsakar gida: Auta ta juya a kan ƙafa ɗaya, ɗayar ta fito ta baya ta sauka a sulken yarinyar da ƙarar da ta sa Direba ya miƙe tsaye. Allo ya ce tara da takwas. Auta ta sake ɗaga ƙafa, ƙararrawa ta riga ta.

Aka ɗaga hannun ɗayar. Auta ta rusuna mata, ta rusuna wa kocinta, ta fito.

"Da ta sami ko minti goma ta ɗumama jiki," in ji Koci tana kwance mata sulke. Ba ta ƙarasa ba, ba ta kuma kalle shi ba. Wuyan yana nan daram, ko zare ɗaya bai motsa ba. Tela ya so ya nuna wa wani, ya rasa wa.

Suka koma matakala ɗaukar jaka. Ya shirya jin kuka, ko a ce masa ai na faɗa maka. Har ya fi son a faɗa. Auta ta sha ruwa, ta goge fuska, ta cusa hular a jaka. Ya sunkuya ya ɗauki baƙin ƙyallen da mutane suka tattaka, ya nufi kwandon shara.

"Baba, kar ka yar."

"Me za ki yi da shi?"

"Shekara uku ne fa in cika sha biyar."

Ya dubi ƙyallen, ya dubi kafaɗunta. "Kafin nan kin yi faɗi. Ba zai kai ba."

"Duba ciki. Kai kullum kana barin rara."

Ya buɗe ninkin. Akwai kuwa, yatsa uku kowane gefe. Bai ma tuna ya bari ba. Ya kakkaɓe ƙurar, ya ninke shi huɗu, ya sa a aljihun ƙirji bayan allura.

"Amma ranar ka fara nuna wa Koci," ta ce.

"To."

Ta rataya jaka suka nufi ƙofa, ita a gaba, shi a baya da gutsurarriyar riga, mutane suna kallo suna kawar da kai.

"Tela," Direba ya kira daga sama. "Tunda yau na ga abin da ido. Wandona fa?"

Tela bai juya ba.

"Gobe," ya ce.

Auta ta sa bayan hannu ta toshe baki tana danne dariya, kafaɗunta suna rawa har suka fita.