Lahadin da Usaini Ya Karɓa

A kamfanin robar da ɗana Joshuwa yake aiki a Sharaɗa ba a kashe inji, ko Juma'a ko Lahadi. Shi ya sa ma'aikata suka saba taimakon juna: Kirista ya riƙe wa Musulmi aikinsa ranar Juma'a ko ranar Salla, shi kuma ya riƙe masa Lahadi ko Kirsimeti. A bakin get ake gama magana, manyan kamfani sun sani, ba sa cewa komai. Mu ma a kamfanin fata na Chalawa haka na tarar ana yi tun zuwana Kano daga Zonkwa.

Abokin musayar Joshuwa shi ne Usaini, wani yaro dogo mai fara'a daga wani ƙauye bayan Ringim. Yana ɓangaren ɗaure kaya, Joshuwa kuwa yana kan injin niƙa tsohuwar roba. Yakan biyo shi gidanmu a Panshekara, ya zauna a kan benci ya cinye tuwon da matata Dorkas ta ajiye, yana cewa miyar Kiristoci ta fi gishiri. Shi yana kiran Joshuwa Fasto, Joshuwa yana kiransa Liman, alhali dukansu biyu sai an tashe su ake ibada.

Wannan ne ma damuwata a shekarar 2006. Joshuwa ya fara ja da baya da coci. Idan aikinsa ya faɗo Lahadi ba ya neman mai riƙe masa, sai ya ce ai Allah ya san yana aiki. Ni kuwa ina ganin yadda 'ya'yan mutane suke lalacewa a garin nan, hankalina ba ya kwanciya. Da zumuntar maza ta cocinmu ta sa ranar gyara rufin ɗakin Asabe, wata gwauruwa da iskar farkon damina ta kwashe mata kwano, sai na ce dole Joshuwa ya zo. Ya ce yana da aiki. Na ce ya nemi Usaini. Ya ce Usaini yana shirin tafiya gida noma, bai kamata a dame shi ba. Ban saurare shi ba, har sai da ya je ya same shi.

Ranar Lahadin, bayan an tashi sujada, muka hau rufin. Joshuwa ne a can sama yana buga ƙusa, tsofaffi muna miƙa masa kwano, matan zumunta suna waƙa suna dama kunu a tsakar gida. Na dube shi, zuciyata ta yi sanyi, na gode wa Ubangiji a raina. Wajen la'asar hadari ya haɗo, muka yi sauri muka rufe, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Asabe ta tsaya a tsakiyar ɗakinta tana duban sama, ko ɗigo babu, ta yi ta sa mana albarka.

Washegari Joshuwa ya tafi aiki, kafin azahar ya dawo. Ni aikin yamma nake da shi, ina gida ina wanke takalmin roba. Ya shigo bai yi sallama ba, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango.

"Baba, Usaini ya mutu."

Da ƙyar muka samu maganar daga bakinsa. Ashe rufin da ke saman injin nasa yana yoyo, wata waya kuma ta ɓare, wutar lantarki tana ɗan jan mutum a jikin injin idan ƙasa ta jiƙe. Joshuwa ya daɗe da sanin haka, ya samo wani faffaɗan katako ya shimfiɗa, a kansa yake tsayawa kullum, har ya manta dalilin ajiye shi. Usaini mutum ne mai tsafta. Da ya karɓi aiki sai ya share wurin, ya ɗaga katakon ya jingina shi da bango. Da ruwa ya sauko, ya kai hannu kan injin, wuta ta kama shi. Kafin magariba 'yan garinsu sun ɗauke shi a mota, an kai shi gida an binne. A lokacin muna gidan Asabe muna shan kunu.

Joshuwa bai yi kuka ba, bai ci abinci ba. Da ya buɗe baki sai ya ce zai je ƙauyen, ya gaya wa mahaifin Usaini da bakinsa cewa aikinsa ne, kuma shi ne bai faɗi maganar katakon ba.

Shekara biyu ke nan da rikicin da ya sa muka kwana a barikin 'yan sanda da 'yan tsummokaranmu, har yanzu idan na ji gudu a layi sai na leƙa in ga ina yarana suke. Yanzu a ce ɗana ya shiga ƙauyen da ba mu san kowa ba, ya tsaya a gaban mutanen da suka binne ɗansu, ya ce ta dalilinsa ne? Na ce masa ya bari a kwana biyu, mu aika da gaisuwa ta hannun 'yan garinsu. Na ce idan ma ya je, ya yi ta'aziyya kawai ya rufe bakinsa, ai ba shi ya ɓare wayar ba. Ya dube ni, ya ce:

"Jiya ka ce in hau rufin mutane saboda Yesu. Wannan kuma saboda wa zan ƙi zuwa?"

Na shiga ɗaki na durƙusa, amma addu'ar ta ƙi fitowa, sai dai in ce Ubangiji ka gani, in sake cewa ka gani. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a can ƙasan zuciyata ina jin daɗin ba ɗana ba ne a kan injin, kuma na san wani uba yana can zaune a kan tabarma. Dorkas ta leƙo ta ce tunda ba zan iya hana shi ba, in tashi in raka shi.

Ranar sadakar uku muka shiga mota zuwa Ringim, daga nan muka hau acaɓa. Ko'ina gero ya fito, ciyawa ta soma rufe shi. A ƙofar gidan maza suna zaune a inuwar darbejiya, suka bi mu da kallo, don kayanmu ma sun nuna ba 'yan nan ba ne. Aka nuna mana Malam Baffa, mahaifin Usaini, tsoho siriri, ƙafarsa ɗaya a kumbure an naɗe ta da tsumma. Muka tuɓe takalma muka durƙusa, na yi masa gaisuwa yadda na saba ji ana yi, na ce Allah ya ba da haƙuri. Ya tambayi sunana da inda muka fito, na faɗa masa. Ya ɗaga kai ya dubi Joshuwa.

"Kai ne Faston nasa?"

A nan Joshuwa ya fashe da kuka. Cikin kukan ya faɗi komai, musayar, da yoyon, da katakon. Ni ina kallon hannuwan samarin da ke gefe, ina lissafin nisan da ke tsakaninmu da hanya. Wani daga cikinsu ya yi tsaki ya miƙe, wani dattijo ya ce masa ya zauna. Sai Malam Baffa ya ce Hasan ɗin Usaini tun suna goye ya koma, wannan ne aka bar masa, yanzu Mai shi ya karɓa. Ya ce kwanan Usaini ne ya ƙare, da ba a kan injin ba ma da a wani wurin ne. Sai ya ƙara da cewa, a hankali:

"Amma da ka gaya masa, yaro."

"Da na gaya masa, Baba."

Aka kawo mana fura. Ban iya sha ba, amma na saki jiki kaɗan, na fara tunanin mu kama hanya tun da rana. Sai na ji mutanen suna maganar gonar Malam Baffa, cewa a wannan makon Usaini ya ce zai zo ya yi noman farko, ga ƙafar tsoho, ga kowa yana fama da tasa gonar. Na ga Joshuwa ya ajiye ƙwarya. Tun kafin ya yi magana na san abin da zai ce. Ya ce Usaini ya riƙe masa ranarsa, shi zai riƙe masa daminarsa, idan Baba ya yarda a ba shi fartanya da wurin kwana.

Malam Baffa ya ƙi, ya ce ba a haka, ya koma ga iyayensa. Joshuwa bai motsa ba. Tsohon ya juyo gare ni, ya ce Malam Bulus, ɗanku ne, ku za ku faɗa.

Na ja Joshuwa gefe, na tuna masa kamfani ba zai jira shi ba, ga mutane a bakin get kullum suna neman aiki. Na ce nan babu coci, babu ɗan'uwa, idan wani abu ya tashi a gari wa zai ɓoye shi? Ya ce ya sani. Na dubi fuskarsa, tun Litinin ban ga idonsa ya tsaya wuri ɗaya ba sai yanzu. Na koma na durƙusa gaban Malam Baffa, na ce na ba ku amanarsa. Ya ce ya karɓa, a ɗakin Usaini zai kwana, kuma akwai Kiristoci 'yan'uwanmu a garin da ke bakin titi, ranar Lahadi zai ba shi keke ya je coci.

Na ɗora wa Joshuwa hannu a ka na yi masa addu'a a gaban mutanen, murya ƙasa-ƙasa, ba wanda ya hana ni. Na cire rigar sanyina na ba shi, don bai zo da komai ba. Da mai acaɓa ya tayar da mashin na waiwaya, na hango shi yana bin bayan tsohon zuwa gona, yana rage tafiya saboda ƙafar.

A motar Kano na zauna kusa da taga, wata mata ta ɗora mini kwandon kajinta a cinya. Har muka shigo gari ina neman yadda zan fara gaya wa Dorkas. Na same ta a ƙofar gida tana tsaye, ta dubi bayana, ta sake duba.