Saƙon da Inna Ta Goge

Ni da kaina na koya wa Inna goge saƙo a waya. Inna surukata ce, kuma tun da aka yi aurenmu muke zaune tare da ita a ɗaki biyu da falo, a hawa na biyu, bayan tashar mota. Bara wasu 'yan damfara suka kira ta, wai ta ci kyautar firji, saura ƙiris ta karanta musu lambar asusunta. Ranar na zaunar da ita a bakin gado na nuna mata inda ake dannawa, na ce duk saƙon da ya zo da maganar kuɗi ta goge shi, kada ma ta karanta har ƙarshe. Ta ce to. Inna kuwa in ta ce to, magana ta ƙare.

Sai kasuwa ta yi sanyi. Kamfanin robobi da mijina, Baban Kumatu, yake yi wa gyaran injuna ya sallami rabin ma'aikata, har da shi. Kumatu ɗanmu ne, watansa goma sha ɗaya, yana da lalurar ƙirji, in ta tashi ubansa ne kaɗai yake iya saɓa shi a guje zuwa asibiti. Bayan wata uku babu albashi, wani ɗan kwangila ya yi wa maigidan tayin aikin hanya a wani wuri mai nisan kwana biyu a mota, shekara guda cur. Baban Kumatu ya yi alkawarin ba shi amsa ranar Alhamis da yamma.

Abu ɗaya ne zai iya riƙe shi a gida. Gwamnati ta sanar da tallafin wata shida ga gidaje masu ƙaramin ƙarfi, mun kuma cika takarda tun makon farko. Ya ce in ya fito zai zauna, ya lallaɓa da gyaran janareta a unguwa har kamfani ya sake kira. Muka zuba wa wayoyinmu ido, tawa da tasa, shiru.

Ranar Alhamis da safe na sauka zubar da shara, na tarar da maƙwabciyata mai kitso tana shimfiɗa tabarma a ƙofarta. Ta tambaye ni ko mun je mun danna yatsa, domin yau ake rufewa. Na ce wane yatsa? Ta ce ai saƙon ba ga wanda ya cika takarda yake zuwa ba, yana zuwa ne ga wanda sunansa yake kan takardar haya. Takardar hayarmu sunan Inna ne a kai, tun zamanin marigayi mijinta.

Na hau bene bibbiyu. Inna tana zaune tana ba Kumatu ayaba, tana kiransa angonta marar haƙora.

"Inna, akwai saƙon da ya shigo miki kwanan nan, mai maganar tallafi?"

"Sau huɗu, 'yar nan," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ɓarayin nan ba sa gajiya. Na jiya har da cewa wai tunatarwa ta ƙarshe. Na ce Allah ya sa."

Ban iya yi mata faɗa ba. Darasina ne ta riƙe. Ban kuma kira Baban Kumatu ba, ya fita tun sassafe gyara a wani shago, ban so in ɗaga masa rai a kan abin da ban tabbatar ba. Na goya yaro, na ɗauki jakarsa, na haɗa takardar haya da katin shaidar Inna a leda, muka fita.

Ofishin walwalar jama'a ɗaki ne dogo mai bencina shida da fanka ɗaya mai ƙara. Aka ba mu lamba a guntun kwali. Muka yi awa uku. Inna ta yi ƙawaye biyu, Kumatu ya cinye kusurwar kwalin.

Ma'aikaciyar da muka samu matashiya ce mai tabarau, muryarta ta dushe saboda magana. Ta sami sunan Inna a kwamfuta, ta ce ba komai, za ta sake turo lambar sirrin da ke cikin saƙon da Inna ta goge. Wayar Inna ta yi ƙara a hannunta, kafin in ankara babban yatsanta ya nufi wurin gogewa. Na cafke hannun. Ma'aikaciyar ta yi dariyar da ina jin ita ce ta farko a yininta.

Saura yatsa. Inna ta ɗora babban yatsan dama a kan gilashin na'urar, fitila ta yi ja. Ta sake, ja. Aka gwada manuni, aka gwada na tsakiya, aka koma hagu. Shekara talatin Inna ta yi tana wanki da guga a wani asibiti, sabulu da ruwan zafi sun cinye zanen yatsunta, sun bar su sumul kamar bayan cokali. Ma'aikaciyar ta ce a hankali, in na'ura ta ƙi, sai dai mu cika takardar ƙorafi, amsa kuma sai bayan mako shida.

Mako shida. Na dubi agogon bango, ƙarfe biyu da rabi. Na tambaye ta me na'urar take nema takamaimai. Ta ce zane take nema, kuma busasshiyar fata ta fi ba ta wahala, musamman ta tsofaffi. Na ce ta ba ni minti biyu.

Na sauke jakar Kumatu a kan tebur, na tono kwalbar man da nake shafa masa bayan na canza masa ƙunzugu. Na riƙe hannun Inna na murza mata yatsu ɗaya bayan ɗaya, har suka yi taushi, sannan na goge maiƙon da tsumma mai tsabta. Ban taɓa riƙe hannunta haka ba. Wani dattijo a bayanmu ya ce in an gama da ita a yi masa shi ma. Muka sake gwadawa. Babban yatsa ja, manuni ja. Muka zo kan ƙaramin yatsan hagu, na danna mata shi da nawa hannun. Fitila ta yi kore.

Inna ta ɗaga yatsan ta ƙare masa kallo. "Wannan malalacin," ta ce. "Shekara talatin 'yan'uwansa suna dirzar zannuwan gado yana zaune, yau shi ne mai rana."

Ma'aikaciyar ta buga hatimi, ta ce kason farko zai shiga cikin kwana uku. Na miƙa wa dattijon kwalbar man, na ce ya bar ta a teburin in ya gama, akwai masu zuwa.

A matakalar waje na kira Baban Kumatu. Na ji ƙarar janareta, na ji ya kashe shi. Na faɗa masa komai a jere. Ya tambaya ko akwai hatimi a takardar, ya kuma ce in karanta masa ita daga sama har ƙasa. Na karanta. Sai na zauna a kan matakalar da goyona.

"To ya za ka ce wa mutumin?" na tambaye shi.

"Zan ce masa ya nemi wani," ya ce. "Ku zauna a inuwa, kada ki shiga rana da yaron nan. In na ɗaure wannan injin zan biyo in ɗauke ku."