Kujerar 'Yar Kubwa

"Ke ce! Na rantse ke ce!"

Ban gama shiga ƙofar ba matar ta rungume ni. Doguwa ce mai ƙarin gashi har gadon baya, turarenta ya cika mini hanci. Na buɗe baki zan yi magana, ta riga ta juya tana ɗaga hannu, tana kira da Hausarta ta 'yan koyo.

"Leonard! Ga shi ya zo! 'Yar Kubwa ya zo!"

Ni ba 'Yar Kubwa ba ce. Sunana Iyatu, tela ce ni. 'Yar Kubwa maƙwabciyata ce, Batulu, kuma a lokacin awa uku ke nan da maza suka dawo daga kai ta makwancinta.

Shekara tara ɗakina na jikin nata a wani gidan haya a Kubwa, bango ɗaya muka haɗa, har tarin juna muna ji. Sakatariya ce a wata ma'aikata a cikin gari. Mijinta ya rasu tun kafin in san ta, Allah bai ba ta haihuwa ba. Kullum tana idar da sallar asuba za ta fita bin layin bas, ba ta dawowa sai bayan magariba. Abin da ta gani a motar shi take rubutawa a wayarta ta ɗora a shafinta na intanet, bulog suke ce masa, da sunan 'Yar Kubwa. Ba hoto, ba sunan gaskiya. Labarin kwandasta mai wa'azi, labarin matar da naƙuda ta kama a cunkoson Gwarimpa, labarin oga mai kwat da aka taka wa takalmi ya nemi a tsayar da mota. Da fari dariya nake mata.

"Yaya Batulu, wa zai zauna karanta gulmar bas?"

"Ke dai taka kekenki," in ji ta. "Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Ashe mutane na karantawa, har da faɗa a ƙasan rubutun.

Ciwon ƙoda ya kwantar da ita wata huɗu. Ƙafafu suka kumbura har silifa ba ta shiga, ido kuma ya daina ganin ƙananan haruffa. Daga nan aikin ya dawo kaina. Da la'asar zan rufe keke in shiga ɗakinta, ta jingina da filo biyu tana faɗa, ni ina dannawa. Ba ta sake hawa bas ba, amma tana da ajiyar labari na shekaru a kai, masu karatu ba su ga alamar komai ba. Masifarta kuwa ciwo bai rage ta ba.

"Ba haka na ce ba, Iyatu. Goge. Ni ce mai labarin ko ke?"

A cikin haka wani Leonard ya rubuto. Ya ce shafin ya cika shekara uku, masu karatu sun shirya haɗuwa su ci abinci tare, kuma suna roƙon 'Yar Kubwa ta zo su ga fuskarta ko sau ɗaya. Na ɗauka za ta ƙi. Sai ta ce in amsa musu in ba shi lambar wayarta, har ita ta zaɓi wurin, wani gidan abincin 'yan Caina a Wuse mai jajayen fitilu a ƙofa. Ta ce shekara da shekaru tana hango shi ta tagar bas, ba ta taɓa shiga ba.

"So nake in gani da idona ko da gaske da tsinke suke cin shinkafa."

Aka sa ranar Asabar, ƙarfe biyar. Ta ciro atamfa daga ƙasan akwati ta ce in ɗinka mata, in saki hannun saboda kumburi.

Ranar Juma'a da yamma ta ce tana sha'awar kunun tsamiya. Na dama na kawo, cokali biyu ta sha ta ture kofin. Ta daɗe tana kallon rigar a jikin ƙusa.

"Gobe idan ƙafar nan ta ƙi, ki je ki ce musu na gode. Kada ki ce ciwo, sai su fara tausayi. Ba na son tausayi."

"Tare za mu tafi, ko goya ki zan yi."

"Ke da ba ki kai buhun gero ba?"

Da asuba ban ji ƙarar butarta ta bango ba. Na yi sallah, na jira, na buga bangon sau biyu kamar yadda muka saba. Shiru. Da na shiga na same ta kwance ta gefen dama, wayar na kusa da kanta, jikin ya riga ya yi sanyi.

Abin da ya biyo baya na yi shi ne kawai kamar an aike ni. Na kira mai gidan hayar, na kira yayanta Muktar a Zariya, na ɗora ruwa. Wata tsohuwa ta bayan layinmu ta yi mata wanka, ni na riƙa zuba ruwa. Matan gidan na kuka, har da Maman Promise da ba ta taɓa shiri da ita ba saboda igiyar shanya. Ni ko ɗigo. Ina ta jiran abin ya zo, ya ƙi zuwa. Muktar ya iso kafin azahar, aka yi sallah a ƙofar gida, aka tafi da ita.

Muna zaune a tabarma bayan la'asar wayarta ta hau ruri a aljihuna. Na zagaya bayan tanki na ɗauka.

"Anti 'Yar Kubwa! Leonard ne. Ƙarfe biyar ne fa, kada ki ba mu kunya."

Na ce, "To."

Wallahi abin da ya fito ke nan. Ya kashe kafin in ƙara. Na tsaya ina kallon tankin, na ce a raina ai dama ta aike ni, kuma irin wannan magana ba ta waya ba ce. Na ɗauki mayafi na ratsa ta cikin masu gaisuwa. Matar Muktar ta bi ni da ido, wai ni maƙwabciya guda zan bar zaman makoki tun ba a kwana ba. Na ce mata ina zuwa, na fita na hau bas.

To, ga ni a gidan abincin, doguwar matar nan, Clara, riƙe da hannuna tana ja.

"Tun daga nesa na gane ki," in ji ta. "Na ce wannan ƙafa ya sha bas."

Mutum goma sha ɗaya ne kewaye da wani zagayayyen teburi mai faifan gilashi a tsakiya. Duka suka miƙe suna tafi. Leonard gajere ne mai sanƙo, ma'aikacin banki, ɗan Kafancan, Hausarsa tas. Ya ja mini kujerar da ke fuskantar ƙofa, an ɗaura mata jan ƙyalle.

"Kujerarki ce, Anti. Yau ba tsayuwa, ba riƙe ƙarfe."

Aka yi dariya. Na ce a raina bari su zauna tukuna. Na zauna.

Wani mai gemu a hannun damana ya sunkuyo. Ya ce sunansa Musaddiƙ, daga Katsina, yana da shagon yadi a kasuwar Wuse.

"Hajiya, ki ci hankali kwance. Har kicin na shiga na tambaya, babu alade a namu, babu giya."

Aka fara jera kwanoni a kan gilashin. Taliya, shinkafa da ƙwai, kaza a wata jar miya mai zaƙi, da wasu naɗe-naɗe soyayyu. Leonard ya juya faifan har kwanon farko ya tsaya a gabana, ya ce ba mai taɓawa sai na ɗiba. Na ɗiba. Na ce a raina mugun labari ba ya hawa kan abinci, bari su ci. Suka yi ta kokawa da tsinkayen, shinkafa na zubewa, Musaddiƙ ya haƙura ya nemi cokali. Na sa abu a baki na tauna. Da takarda aka ba ni da ban bambance ba.

Sai suka fara magana ɗaya bayan ɗaya. Musaddiƙ ya ce tun ranar da ya karanta labarin tsohuwar da ta tsaya da ƙafa daga Kubwa har Baja, maza na zaune suna danna waya, bai sake zama a mota mace na tsaye ba. Leonard ya ce ya sayi mota bara, amma yanzu shi kaɗai yake zama a cunkoso kamar maraya, sai ya buɗe shafin ya ji ɗumin mutane. Clara ta ce daga Makurɗi ta zo, ba ta san kowa ba, watanta na farko kullum sai ta yi kuka a bas.

"Shafin ki ne ya koya mini Hausa, Anti. Shi ne ya sa na daina jin tsoron garin nan."

Ta kama hannuna ta matse, sai ta kai shi hancinta.

"Kai, turaren ki! Mene ne sunan shi?"

Kafur ne, na ruwan wankan. Na wanke hannun da sabulu har sau uku bai fita ba.

Na ce, "Ban sani ba."

Zan faɗi gaskiya, ba kunya kaɗai ta rufe mini baki ba. Daɗi na ji. A Kubwa kowa na cewa marigayiya. A nan kuwa cewa suke za ki rubuta, yaushe za ki ƙarasa mana, sati mai zuwa me za ki kawo. Muddin ban yi magana ba, a teburin nan Batulu na da sati mai zuwa. Ni ce kaɗai zan ƙwace mata shi, kuma ban so. Na ce bayan kazar nan. Aka cinye kaza, na ce bayan shayi.

Kafin shayin Leonard ya buga cokali a kofi. Ya ciro wani ƙaton littafi daga jaka, mai bangon roba, an ɗinke gefensa da baƙar waya. Ya ce duk rubutun shekara uku ne ya sa aka buga, tun daga na farko har na ranar Laraba. Na ranar Laraba ni na danna shi, sau huɗu tana sa ni gogewa.

"Namu ne, za mu riƙa zagayawa da shi. Abu ɗaya muke roƙo, ki sa mana hannu. Da sunan gaskiya fa, Anti. Yau dai asiri ya tonu."

Ya buɗe shafin farko ya miƙo biro. Wayoyi suka tashi sama ana ɗaukar hoto. Na riƙe biron. Sunana ba zai hau littafin nan ba, ko hauka nake. Na rubuta da manyan baƙaƙe yadda take rubutawa a katin asibiti: Batulu Surajo.

Leonard ya ɗaga littafin ya karanta da ƙarfi. Tafi ya ɓarke.

"Anti Batulu! Anti Batulu!"

Sai kawai na waiwaya bayana. Ban yi niyya ba, wuyana ne ya juya da kansa, kamar yadda nake yi a tsakar gida idan an kira ta, in ga ta ina za ta ɓullo. Babu kowa sai bango da hoton wani tsauni.

Na juyo. Clara ta daina tafi, tana kallona.

"Ba ni ba ce," na ce. Muryata ta fito daidai, kamar ina faɗa wa mai ɗinki ranar karɓa. "Ni maƙwabciyarta ce, Iyatu. Batulu ta rasu yau da asuba. An kai ta bayan azahar."

Wani a can ƙarshe ya yi 'yar dariya, yana jiran a ce wasa ne. Ba wanda ya taya shi.

"Amma ɗazu na yi magana da ita," in ji Leonard.

"Da ni ka yi." Na ciro wayar na ajiye a kan teburi. "Jiya ta ce in ba ta samu zuwa ba in zo in ce muku ta gode. Shi na zo faɗa. Ku yafe mini, tun a ƙofa ya kamata."

"Me ya same shi?" Clara ta tambaya a hankali.

"Kwana ne ya ƙare," na ce.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Musaddiƙ. Ya maimaita, ya sake maimaitawa. Leonard ya zauna da littafin a ƙirji, bakinsa a buɗe. Wayoyin suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Na tashi daga kujerar na tsaya a bayanta, don ba tawa ba ce. Har lokacin idona a bushe yake.

Musaddiƙ ya ɗaga hannuwa ya fara addu'a ƙasa-ƙasa. Clara ta duba jakarta ba ta sami ɗankwali ba, ta ɗauki farin ƙyallen goge baki ta ɗora a kanta.

A daidai nan ma'aikacin wurin ya iso da kwano na ƙarshe, nama a kan farantin ƙarfe mai zafi, yana ta ƙara yana hayaƙi. Ya ga hannuwa a sama, ya ja ya tsaya a gefe da farantin a hannu. Yana nan tsaye, ƙarar man tana raguwa, tana raguwa, har ta ɗauke.