Katin da ke Ɗaukar Zafi

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa Baba magana, tsohuwar kwamfutarsa ta zama bakinsa. Da ita ya yi aiki a maɗaba'a har ya yi ritaya, aka bar masa ita don ba mai so. Da yatsa ɗaya na hagu yake lalubo haruffa, ita kuma ta karanto da wata murya kamar ta mai mura. Biro ba ya zama a hannunsa, gilashin waya kuwa ba ya jin yatsan da ke rawa.

Da zafi ya shigo sai kwamfutar ta fara ɗaukewa. Ran nan da rana, Auta, ƙaramar 'yarsa, ta kawo masa ruwa, muryar ta ce, "Tun safe nake jin..." Sai allon ya daskare.

"Jin me, Baba? Ƙirji ne? Ko kai?"

Ya girgiza kai, bakinsa na motsi, ba abin da ke fita. Ta rasa ko a'a yake nufi ko haushi ne. Ta kashe ta kunna, bai kai ga harafi na uku ba ta sake tsayawa. Da ta dafa akwatin ta ji shi kamar dutsen guga.

Ta kira yayanta a waya.

"Ki sa shi a mota kawai, ku tafi asibiti," in ji shi.

"Na gwada, Yaya. Ya riƙe hannun kujera, sai nuna kwamfutar yake yi."

"To kar ki buɗe ta. Mai gyara ya ce irin katin da ke cikinta an daina yi. Ke firji kika sani."

Gaskiya ne, gyaran firji ne sana'arta. Ta dubi Baba, ya kafe ta da ido. Ta ajiye wayar ta ɗauko jakar aikinta.

Da ta ɗaga murfin, ƙura ta yi kauri a ciki kamar auduga. Katin da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar kwamfutar yana tsaye, wani kati ya manne masa, ko iska ba ta ratsa tsakaninsu. 'Yar fankar da ke sanyaya katin ƙwaƙwalwar ta ƙage. Ta busa ƙurar, ta kama ɗayan katin tana rausaya shi a hankali don ta matsar da shi gurbin can nesa. Wani abu ya ce ƙas. Ta saki katin. Sai da ta haska tocila ta ga ashe maƙalin roba ne ya karye.

A kan ƙwaƙwalwar akwai wani ƙarfe mai haƙora irin na matsefi, wanda ke shanye zafi. Man da ke ƙarƙashinsa ya bushe kamar alli. Ta kankare, ta shafa sabo daga wanda take sa wa allon firji, ta mayar. Ta ciro ƙaramar fanka daga wata matacciyar caja, ta ɗaure ta da waya tana fuskantar katin. Gumi na ɗiga daga haɓarta, tana tarewa da kafaɗa kar ya sauka a ciki. Kowane lokaci sai ta waiga ta ga ko launin leɓen Baba ya canza.

Ta danna maɓalli. Fankar ta juya, allon ya yi baƙi ya daɗe, sannan rubutu ya fito.

Yatsan Baba ya shiga yawo, yana kuskure yana gogewa. Ta durƙusa gefensa.

"Ƙafar dama," in ji muryar. "Tana ƙaiƙayi."

Ƙafar da ta mutu ce. Auta ta ja wandonsa sama, ta sosa ƙwaurin da farce.

"Nan?"

"Ƙasa. Kin cika gaggawa."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Ba ta san ko alheri ne wannan ba ko wani sabon ciwo, ta dai san likita zai so ya ji. Ta tambayi Baba ko yanzu zai je asibiti, muryar ta ce, "To." Ta sake kiran yayanta ta ce ya zo su tafi, Baba ya yarda.