Babban Yatsan Baba

Ni fa ban so wannan aikin ba. Makanike ne ni, na yarda, amma akwai makanikai fiye da goma a bakin ruwan nan, me ya sa sai ni? Inna ce ta kafe. Wai kullum Baba ya dawo daga ruwa rigarsa warin fetur take yi, ita kuma ba za ta zauna tana jiran a kawo mata miji ya ƙone ya zama gawayi ba.

Sharaɗin da aka yi a gaban ƙannena shi ne: in tankin man jirgin ruwan Baba ya riƙe iska, ya ci gaba da fita. In yana yoyo, a ja jirgin tudu, shi ke nan. Ba maganar canja tanki, don a cikin haƙarƙarin jirgin aka gina shi, katakon kuwa ya ruɓe, ka ɓamɓare ɗaya goma su biyo shi. Baba ya girmi jirgin da shekara talatin kacal.

Da hantsi na same shi a ciki, ya riga ni zuwa.

"Injiniya, an iso?" Haka yake kirana in yana jin haushina.

"Na iso, Baba. An tashi lafiya?"

"Da sauƙi dai, tunda an aiko min alƙali."

Na zura tiyo na zuƙa da baki, mai ya cika min kunci, na tofar ina tsine wa sana'ar. Jarka biyu na cika. Na ƙarshen ba mai ba ne, ruwa ne ja mai tsatsa, da wani farin abu yana yawo a ciki. Na murza shi a yatsa, ya yi santsi. Sabulu! Wata nawa Inna tana zagin ɓeraye kan sabulun wankinta, ashe ɓeran da furfura. Tsohuwar dabara ce, a liƙe hudar tanki da sabulu, fetur ba ya narkar da shi. Amma ruwa na narkarwa, ni kuwa sai da na ɗauraye tankin sau uku. Baba yana kallo.

Na toshe duk bakunan, na ɗaura agogon auna iska, na buga iska da famfon keke kaɗan, kada tsohon ƙarfe ya fashe. Na kaɗa ruwan kumfa na bi duk ɗinkin walda da soso. Ko ƙwayar kumfa ɗaya ba ta tashi ba. Allurar agogon ta tsaya cak.

Minti biyar. Minti goma. Wallahi har na fara murna, don ni ma ba son ganin jirgin nan a tudu nake yi ba. A cikinsa na koyi riƙe sifana.

Sai na lura Baba bai motsa ba tun da na fara bugawa. Yana durƙushe a gefen tankin, hannunsa na dama ya shige ƙarƙashi, wai yana dafawa ne saboda gwiwa. Gumi na ɗiga daga gemunsa.

Raina ya ɓaci, kuma tausayi ya kama ni, duka a lokaci guda. Haba Baba! A tsakiyar ruwa ma da yatsa za ka toshe, kana tuƙi da ɗaya hannun?

"Baba, a ɗan ba ni wurin nan in shafa kumfa."

"Ka shafa ai."

"Ban shafa nan ba."

"Allurar ta faɗi ne?"

"Ba ta faɗi ba."

"To me kake nema kuma?" Bai kalle ni ba. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ba wanda ya gani sai kai."

Gaskiya ne, ba kowa. Da na kwance agogon na tafi gida na ce ya riƙe, da magana ta ƙare. Na daɗe a tsaye ina tuna warin rigar nan. Sannan na durƙusa na kama wuyan hannunsa. Hannun da ya sha zabga min mari ne, amma yau ko ƙarfin ƙwacewa babu. Na janye shi a hankali.

Fiii. Allurar ta kwanta.

Tsatsa ta yanke masa babban yatsa, jini na bin tafin hannunsa. Ya duba shi, ya goge a riga.

"Ka iya aiki," ya ce. "Je ka kira ƙannenka su zo da igiya. Ni ba zan ja ba."