Karen da Ba Mai Shi

Ni ce Hindu ta Damri. Ban yi boko ba, amma na san karen Maiwada, kuma duk unguwarmu sun san shi. Ja ne, kunne guda a yanke, shi ka tsare mai gonar albasa. Da idona na sha ganin matarsa tana zuba mai ƙanzo.

Karen nan ya ciji ɗana Sallau a hannu, ya juya ya kama ɗiyarsa Hanifa, jikata, a ƙauri. Samari suka kashe shi. Muka ƙona gashinsa muka shafa a ciwon, yadda muka taras ana yi. Ciwo ya rufe, muka gode Allah. Bayan an gama girbin shinkafa Sallau ya fara firgita in ya ga moɗa. Ya rasu ɗaure da igiya, yana roƙon ruwan da ba ya iya haɗiyewa.

Saura Hanifa. Na kai ta Bakura, suka ce babu allurar cizon mahaukacin kare. Na kai ta Mafara, suka ce sai Gusau, kuma ba zuwa guda ba ne. Na ce to, mai kare ya kai ta.

Ana haka sai ga likitocin dabbobi a ƙofar mai unguwa, da akwatin ƙanƙara a bayan babur. Wai sun zo su san yawan karnuka da yawan waɗanda aka ciza, su kuma yi wa karnuka rigakafi. Babbansu, wani Ishaq, ya ce duk mai kare ya kawo.

Unguwar da haushi ke hana mu jin kiran salla, ranar babu mai kare ko guda.

Na ce, "Maiwada, tashi ka faɗi naka."

Ya ce, "Haba Inna, ni da nake sahun gaba mi zan yi da najasa? Karen gari ne, yana dai raɓawa."

"Raɓawa? Uban wa ya yanke mai kunne?"

Mai unguwa ya ce, "Hindu, a bar wa Allah."

"Na bar mai Sallau. Ita wagga da ranta."

Na jawo Hanifa gaban Ishaq, na ɗaga zanenta ya ga tabon. Na ce, "Ɗan nan, tunda ba kare, tsira mata allurar."

Ya ce, "Baba, wannan ta dabba ce, ba a yi wa mutum. Ki kai ta Gusau yau, kada ki jira." Ya tambaye ni ko asibiti sun tabbatar da abin da ya kashe Sallau. Na ce a ɗaki ya cika. Ya ce ai shi ne matsalar, irinsu ba wanda ya san yawansu.

Suka ɗaure akwatin ba su ko buɗe shi ba, suka hau babur. Maiwada ya karkaɗe riga ya nufi gona. Hanifa ta ja mini mayafi, wai ko mun gama, ita yunwa take ji.