Arzikin Takarda

Shekara uku Uwar Alƙaluma, kamar yadda ake kiranta a ofishin ƙididdiga, ta yi tana mayar da lissafin tattalin arzikin ƙasa kan sabon ma'auni. Tsohon ma'aunin bai san da teloli ba, balle masu gyaran waya. Da aka sa su ciki, jimla ta yi tsalle da kusan rabi. Sai ta rubuta gargaɗi a shafin farko: mudu aka canja, hatsi bai ƙaru ba.

Ranar da rahoton ya fito, rediyo ya wuni yana taya ƙasa murnar fita daga sahun matalauta. Ta duba shafin farko. An cire gargaɗinta.

Ba a rufa wata biyu ba sai ga yayanta, mai kula da ɗakin magani a wani ƙaramin asibiti, ya faɗo ofis ko sallama babu. Ya dangwara mata wasiƙa a tebur.

"Karanta! Ƙungiyar da ke ba mu allurar rigakafi kyauta ta ce mun yi arziki, daga baɗi mu saya da kanmu. Ke kika azurta mu, ko? To zo ki faɗa wa matan da ke layi da goyo!"

"Yaya, wallahi na rubuta..."

"A ina? A kan ruwa?"

Ta fizgi wasiƙar ta haura sama wurin shugaban ofishin. Darakta ko ɗago kai bai yi ba.

"Ranka ya daɗe, wa ya cire gargaɗina?"

"Malama, ana biki kina kawo zancen makoki. Alƙaluman naki ƙarya ne?"

"Gaskiya ne, amma..."

"To madalla. Ja mini ƙofar."

Ta ja ta har gilashin ya girgiza. Kafin a tashi aiki ta aika wa ƙungiyar tsohon lissafi da sabo, gefe da gefe, ta sa hannu da cikakken sunanta.

Amsa ta zo cikin ladabi: sun gode, amma ƙa'ida ƙa'ida ce. Takardar canjin aiki daga ofis ta riga amsar zuwa, an mayar da Uwar Alƙaluma ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli, inda fanka ba ta juyawa.

Da yayanta ya ji, ya kira ta. Bai ba ta haƙuri ba.

"Ke ma sun ci ki ke nan?"

"Sun ci ni," ta ce, tana kaɗe ƙura daga kujera da ƙarfin da ya wuce wanda ƙurar ke buƙata.